Layi Ɗaya a Shafin Gola

Ni na rubuta ƙa'idojin kundin, kuma har yau ban ga wanda ya rubuta waɗanda suka fi su ba. Da wannan zan fara, don kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya jawo abin da ya faru.

Kundin na ƙwallon ƙafa ne. Mu shida muka buɗe shi a intanet, don mu tara labarin kulob-kulob ɗin unguwanni da 'yan wasan da suka yi tashe a Azare da garuruwan da ke kewaye da ita. Kowa yana iya shiga da wayarsa ya ƙara abin da ya sani. Matsalar ke nan, domin a garinmu kowa ya san komai. Kafin wata biyu, duk wani tsohon ɗan wasa ya taɓa cin ƙwallo daga tsakiyar fili. Wani ya rubuta cewa ubansa ya taɓa buga ƙwallo ta yaga raga ta wuce ta kashe akuya. Haushi ya ishe ni. Ina da shagon fotokwafi kusa da tasha, inda nake buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki, saboda haka ni ne mai kwamfuta da janareto da lokacin zama. Wata Asabar na tura ƙofar shagon na zauna na rubuta doka.

Na ce duk maganar da za a iya musu a kanta sai an nuna madogara, wato abin da aka buga a takarda ko aka watsa a rediyo. In babu wannan, sai shaidar mutum biyu, amma kada su zama dangin wanda ake magana a kansa, ko surukansa, ko maƙwabtansa, ko waɗanda suka yi wasa tare, ko wanda maganar za ta amfana. Mutum kuma ba ya zama madogara a kan kansa. Jita-jita ba ta shiga sai in wani ya riga ya buga ta, sannan a sa mata "an ruwaito" a gaba. Sauran biyar ɗin suka karanta suka ce ya yi, suka danƙa mini makullin shafin. Daga nan suka fara kirana Alƙali. Da wasa suke faɗa, amma ni ban ɗauke shi wasa ba.

Akwai wani dattijo da duk Azare ke kira Gola. A lokacin da nake ba da labari awon gero yake yi a kasuwa, dogon mutum mai ɗan ranƙwafawa, ba ya ɗaga murya ko ana ciniki. Ya tsare ragar kulob ɗin unguwarmu shekara ashirin. Shafinsa na cikin waɗanda suka fi tsawo a kundin, don kowa na da abin faɗa a kansa: yadda ya kama fenariti uku a yini ɗaya a Zadawa, yadda yake wasa ba safar hannu, yadda bayan ya daina ya riƙa koya wa na baya kyauta a filin firamare.

Amma akwai wasa ɗaya. Wasan ƙarshe ne da 'yan Jama'are, ina ɗan sakandare, ina cikin waɗanda suka cika bakin fili tun azahar. Saura kaɗan a tashi aka bugo masa wata ƙwallo mara ƙarfi, irin wadda ko kakata za ta tare da zani. Ta zo ta ratsa tsakanin hannayensa ta kwanta a raga. Na yi kuka ranar kamar an yi mini mutuwa. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa sayar da wasan ya yi. Wasu suka ce keke aka ba shi, wasu suka ce buhun shinkafa, wasu rediyo. Babu wanda ya ga keken, babu wanda ya ci shinkafar. Shekaru suka wuce maganar ta kwanta, sai dai in an zauna a teburin mai shayi wani ya tono ta.

Ni ne mai yawan tono ta. Shekaru kafin mu buɗe kundin, wani ɗan Kano mai fitar da 'yar mujallar wasanni ya shigo shagona zai yi fotokwafi. Wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, na saya masa shayi muna jira. Hira ta kai mu kan tsofaffin 'yan wasa, na ba shi labarin keken har da launinsa, launin da a nan take na ƙirƙira. Bayan wata guda sai ga shi a mujallar, layi biyu a shafin baya, wai majiyoyi a Azare sun tabbatar masa. Majiyoyin nan duka ni ne. Mujallar ba ta yi nisan kwana ba, amma na ajiye kwafi ɗaya a durowa.

Da na gama rubuta ƙa'idoji na tuna da ita. An buga ta a takarda, ba ɗan'uwan Gola ne ya rubuta ba, bai ma taɓa ganinsa ba. Na ɗauki hotonta na ɗora, na ƙara layi ɗaya a shafinsa: an ruwaito cewa ya sayar da wasan ƙarshe da Jama'are. Na san abin da nake yi. Ban yafe masa ƙwallon nan ba, kuma mutumin da yake da madogara a durowa hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Layin ya yi kusan shekara babu wanda ya tanka, har aka zo maganar kofi. Wani Alhaji ɗan asalin Borno, wanda iyayensa suka zauna a Azare, mai fataucin riɗi da wake, ya ce zai ɗauki nauyin gasar unguwanni bayan ƙaramar Salla. Tsofaffin 'yan wasa suka roƙe shi a sa wa kofin sunan Gola, ya amsa. Aka gaya wa Gola, aka ce har sabon yadi ya kai wa tela. Sai Alhaji ya buɗe waya ya duba ko wane ne mutumin nan, ya ci karo da layina. Ya ce shi ba zai liƙa sunan da ake jayayya a kansa a jikin kofinsa ba. In an share maganar kafin azumi ya ƙare, kofi na Gola ne. In ba a share ba, ya san abin da zai yi.

Ranar uku ga azumi Gola ya yi sallama a ƙofar shagona da hantsi. Na ba shi benci. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, don ya san gidanmu tun kafin a haife ni.

"Ɗana, an ce kai ne mai riƙe da abin nan na waya," ya ce. "An ce akwai magana a kaina. Ka taimaka ka goge."

"Baba, ba a gogewa haka kawai. Maganar tana da madogara."

"Mene ne madogara?"

Na fito da mujallar na nuna masa. Ba ya karatun boko sosai, ya dai riƙe ta yana duban hoton wasu 'yan wasan da ba su shafe shi ba.

"To ai ga ni," ya ce. "Ni ne a ragar. Ka tambaye ni."

"Kai ba madogara ba ne, Baba."

"A kan kaina?"

"Musamman a kan kanka."

Ya juya takardar a hannunsa. Sannan ya tambaye ni wa ya gaya wa ɗan Kanon wannan magana. Na dube shi ido cikin ido na ce ɗan jarida ba ya bayyana majiyarsa. Na ce in yana so a cire, ya kawo shaidu biyu da suka cika sharaɗi, na karanto masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi aiki mai sauƙi. Ya ce ai shaidu ba za su yi wuya ba, rabin garin nan suna filin ranar.

Na farko da ya kawo manomi ne daga Gololo, wanda ya buga masa baya a wasan. Mutumin ya baro gona ya hau mota da azumi a bakinsa. Ya ce kwana huɗu kafin wasan buhu ya faɗo wa Gola a hannu a kasuwa, yatsu biyu suka karye, da tsumma aka ɗaure su ya shiga fili don babu wani golan. Ya ce shi da kansa ya ɗaure masa. Na saurare shi har ƙarshe, har ina cewa "Allah sarki". Da ya gama na ce abokin wasa ne, shaidarsa ba ta shiga. Ya ce to wa zai san an ɗaure yatsa in ba wanda ya ɗaure ba? Na ce wannan tambaya ce mai kyau, amma ba ta cikin ƙa'ida.

Gola ya kawo ɗan mai ɗorin da ya gyara masa yatsun bayan wasan. Na bincika na gano ƙanwar matar Gola tana aure a gidansu, suruki ke nan. Ya kawo wani tsohon malamin firamare, na ce katangarsu ɗaya. Ya kawo mai sayar da goro, na tono cewa kakanninsu mata 'yan ɗaki ɗaya ne. A Azare in ka zauna da mutum biyu na minti goma sai ka samo auren da ya haɗa su, kuma ni na iya samowa. Kowa ya zo sai na bar shi ya gama bayaninsa tukuna, don na fi jin daɗin soke shaida bayan ta cika.

Ranar sha bakwai ga azumi ya zo da wanda yake ganin ya gama magana. Bafulatani ne daga Jama'are, siriri, gemunsa fari fat, shi ne ya ci ƙwallon. Rana ta take, ya sha acaɓa, leɓɓansa sun bushe. Ya ce da ni, da Hausarsa mai karyewa: "Useni, na roƙe ka, Malam, ka ji tsoron Allah. Mu ba mu ba shi ko allura ba. Kulob ɗinmu ko riguna aro muka yi, ina muka ga keke?" Ya ce ƙwallon ta daki wani tudu ne gab da raga ta canza hanya, ya gani da idonsa.

Wannan ya ɗan ba ni wahala, na yarda. Ba dangi ba ne, ba maƙwabci ba, ba abokin wasa ba. Na yi ta kallon silin ina tunani, sai dabara ta faɗo mini. Na ce in aka tabbatar an sayar da wasan, ƙwallon da ya ci ta zama banza, kofinsu ya zama na saye. Saboda haka yana cikin waɗanda maganar za ta amfana. Bafulatanin ya dube ni ya faɗi wata kalma da Fulatanci wadda ban nemi fassararta ba, ya fita ya tsaya a rana.

Gola bai fita ba. "To wa ya rage, ɗana?" ya ce. "Duk wanda ya san ni ka ce bai yi ba. Sai wanda bai san ni ba?"

"Yauwa, Baba. Yanzu ka gane."

Dariya na yi. Ban yi niyya ba, amma ta fito, kuma ban mayar da ita ba.

Labari ya kai ga sauran biyar ɗin. A guruf ɗinmu na waya suka taso mini, musamman wani malamin sakandare da muke kira Sakatare. Ya ce mutum ya haura saba'in, layi ɗaya ne, a cire a huta. Na ce yau in muka cire don tsoho ne, gobe za mu cire don mai kuɗi ne, jibi akuyar da aka kashe da ƙwallo ta dawo. Na ce duk wanda yake so a cire ya kawo sashen ƙa'idar da ya yarda. Na fi su iya rubutu, na fi su lokaci, su kuma suna da aiki da iyali da azumi. Bayan kwana biyu suka gaji. Sakatare ya rubuta "Allah ya kyauta".

Washegari Gola ya zo da alwalarsa, da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ya ce zai dafa. Na ce masa ni ban hana shi ba, amma rantsuwa ba ta cikin jerin madogara. Na ga idonsa ya kaɗa. A nan ne na yi masa abin da na kira alfarma. Na ce akwai sashen da ya ce in magana tana da jayayya, ana iya ƙara cewa mai ita ya musanta, muddin an ɗauki muryarsa an ɗora. Ya tambaya ko hakan zai wadatar da Alhaji. Na ce mai yiwuwa. Na san ba zai wadatar ba.

Na kunna waya na ajiye a kan injin fotokwafi. Ya fara a natse, ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi maganar yatsu. Da ya zo kan keken sai muryarsa ta tsinke. "Wallahi ban karɓi keke ba," ya ce. "Wallahi tallahi ban karɓi keke ba. Ni da ƙafa na koma gida ranar." Ya fashe da kuka irin na tsofaffi, mai sheshsheƙa da jan hanci, ya yi ta maimaitawa. Ina da manhajar yanke murya a kwamfuta, aikin minti ɗaya ne in cire kukan in bar maganar. Na ɗora shi yadda yake. Na gaya wa kaina cewa ba a taɓa madogara.

Kafin kwana uku muryar ta zagaye Azare. Wani ya yanko wurin kukan ya sa masa kiɗa. 'Yan acaɓa a bakin tasha, in fasinja ya ce sun yi tsada, sai su langaɓar da kai su ce wallahi ba su karɓi keke ba. Masu sayen gero suka riƙa tambayarsa ko mudun nan ma da ƙafa ya zo. Matasan da ba a haifa ba lokacin wasan, waɗanda a da Gola kawai suka sani, yanzu sun san launin keken. An ce ya daina fitowa kasuwa, ƙaninsa ne ke zama a kan buhunan. Shafinsa kuwa ya fi kowane shafi samun masu dubawa a watan nan, kuma ina buɗe lissafin kowace safiya in gani.

Alhaji bai jira ƙarshen azumi ba. Ya ce abin ya zama abin dariya, shi kuma ba ya wasa da sunansa. Aka sa wa kofin sunan shagonsa na riɗi. Na je wasan buɗewa, an ba ni kujera a rumfa a matsayin mai kula da tarihi, har aka kira ni a lasifika.

Kwana goma bayan Salla Gola ya dawo. Sabon yadin ne a jikinsa, shuɗi, ɗinkin bai ko saki ba, ina jin ya ga tunda an ɗinka gara a sa. Ya rame. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna sau biyu. A shagon akwai wata mata tana jiran katin suna, bai damu da ita ba.

"Ɗana, ban zo kan kofi ba, wannan ya wuce," ya ce. "Cire ni za ka yi gaba ɗaya. Sunan, hoton, komai. A yi kamar ban taɓa buga ƙwallo ba."

Na ce ba a share shafin mutumin da ya shahara, kuma yanzu babu wanda ya kai shi shahara a kundin.

"To ban gane ba," ya ce. "Ka ce maganar bakin mutane ba ta da amfani. Ai duk abin da ke ciki maganar bakin mutane ce. Wa ya buga fenaritin Zadawa a takarda?"

Ya faɗa ne don in tausaya masa, in ga cewa abin duka ɗaya ne. Ni kuwa sai na ga ya kama ni da sakaci, kuma ba na son a kama ni. Gaskiyarsa ce. Fenariti ukun, abokan wasansa ne suka rubuta. Wasa ba safar hannu, maƙwabcinsa ne. Koyarwa a filin firamare, waɗanda ya koya wa ne, wato waɗanda maganar za ta amfana. Na bar su ne tun farko don babu wanda ya yi musu a kansu. Yanzu an yi, kuma shi da bakinsa.

"Ka yi gaskiya, Baba," na ce. "Bari in gyara."

Na juyo da kwamfutar yadda zai gani. Na riƙa zaɓar sakin layi ina gogewa, shafin yana taƙaicewa a gabansa. Ya matso da bencin. Na ga fuskarsa ta saki, har ya ce "Alhamdulillahi" a hankali, don ya ɗauka roƙonsa nake biya. Ban gyara masa fahimta ba. Matar nan mai katin suna ta ce Malam a taimaka a sallame ta, na ce ta yi haƙuri minti biyu. Na cire hoton ma, tunda ba a san wanda ya ɗauka ba. Na danna ajiyewa.

Ya ga akwai sauran rubutu a saman farin allon. Ya nuna da yatsa ya ce wannan fa? Na ce wannan shi ne mai madogara. Ya ce in karanta masa.

Na karanta: tsohon mai tsaron raga ne a Azare, an ruwaito cewa ya sayar da wasan ƙarshe da Jama'are, ya musanta.

Ya jira in ci gaba. Da ya ga babu ƙari ya ce in sake karantawa a hankali, ko akwai abin da ya wuce shi. Na sake, a hankali, yadda ya nema. Matar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

"Shekara ashirin ɗin fa?" ya ce. "Su ma sai an kawo takarda?"

Na ce masa sai an kawo.